Mun Je Yagwa Neman Yaya Lawan

A Banki na fara sanin cewa na bar gida. Har muka wuce Maiduguri da Bama murna kawai nake yi, hancina manne da gilashin mota, komai na gani sai na taɓa Baffa in nuna masa. Amma da muka sauka a garin nan da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, na ji ana ciniki da harsuna iri-iri ba na jin ko ɗaya, sai tsoro ya kama ni. Ga shi yau ina zaune a gida ina wannan rubutu, amma har yanzu in na ji ƙarar takalmi mai nauyi a bayana sai na waiwaya a firgice.

Ni da Baffa Ado, ƙanin marigayi mahaifinmu, muka yi tafiyar. Yayana Lawan muka fita nema. Yanar ido ta rufe wa Inna idon dama, na hagun ma ya fara gani dishi-dishi, shi ne ta kira Baffa ta ce, "Ado, ba na cewa ya dawo ya zauna. In gan shi kawai, kafin wannan ɗin ma ya tafi."

Gidanmu gidan makaɗan noma ne, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Tun kaka da kakanni mu ke yi wa manoma kiɗa a gayya. Yaya Lawan shi ya fara yin boko a gidan, har ya zama malamin firamare a Bunkure. Ya nemi wata yarinya a Kura, iyayenta suka ce ba sa ba maroƙa 'ya. Maganar ta zagaya, har yaran ajinsa suka riƙa kaɗa masa tebur in ya juya baya. Wata Juma'a ya jingine kekensa a tasha, ba mu sake ganinsa ba. Babanmu ya rasu bayan haka, Yaya bai sani ba. Sai bana wani mai fataucin albasa ya dawo daga Kamaru ya rantse ya gan shi a Yagwa, garin masu noman shinkafa. Ya ce ya kira shi da sunansa, mutumin ya dube shi kamar bai taɓa jin sunan ba, ya wuce.

Ni aka zaɓa in raka Baffa saboda na gama sakandare, kuma na taɓa yin Faransanci a ƙananan azuzuwa. Baffa ya bi ƙauye yana cewa, "Saude ai Faransanci kamar ruwa!" Ban iya gaya masa ba cewa abin da ya rage a kaina bonjur ne da mersi, sai yadda ake cewa ina da jan littafi.

A Banki wani mutum mai baƙin tabarau ya tare mu da Hausa tatacciya. Da ya ji daga Kura muke sai ya dafe ƙirji, wai ai kakarsa 'yar Madobi ce. Ya kai mu muka canza kuɗi, ya ce in ba mu da takardar wucewa za mu sha wuya a hanya, amma shi zai samo mana. Ya ɓace, ya dawo da wata shuɗiyar takarda mai hatimi biyu. Baffa ya ce in karanta. Na duba sama na duba ƙasa, na ga hoton saniya a gefe, na ɗauka tambarin ƙasar ne. Na ce, "Ta yi, Baffa." Muka biya shi, Baffa har da sa masa albarka.

Kai, amma Kamaru! Muna shiga na manta da tsoro. Duwatsu ne jibga-jibga a kan juna kamar wani ya jera su da hannu, da 'yan bukkoki masu tsini a maƙale a jikinsu. A Mora muka sayi burodi mai tsawon kamu guda, ɓawonsa da ƙarfi har ya yanke ni a dasashi, cikinsa kuwa laushi kamar auduga. Na ga mace da zanenta da ɗankwalinta ta hau ƙaramin babur, ita ke tuƙawa, ta goya yaro, ba wanda ya ko waiwaya. Na ƙwala ihu na ce, "Baffa, duba!"

Ya ce, "Na gani. Kada dai ki ce in saya miki."

Kusa da ni a mota wata dattijuwar Bafulatana ce mai sayar da busasshen kifi, Dada Mairamu. Hausarta gutsi-gutsi ce, amma ba ta hana ta tambayata ko ina da miji, da abin da ke cikin buhun da Baffa ya rungume ba. Kalangu ne. Gangar noma ta yi girman da ba za ta shiga mota ba, Baffa kuwa ko kasuwa ba ya zuwa hannu rabbana.

Da la'asar, tsakanin Mora da Marwa, muka tarar da shinge. Jandarmomi ne, sojan hanyar ƙasar, da bindigogi a kafaɗa. Ɗaya daga cikinsu, ƙato, da gani ɗan kudancin ƙasar ne, ya leƙo ya ce kowa ya fito da takarda. Baffa ya miƙa tamu da hannu biyu. Mutumin ya duba, ya kwashe da dariya, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya duba ya riƙe ciki. Daga baya Dada ta gaya mini cewa rasidin kasuwar shanu muka saya.

Baffa bai san haka ba. Shi a saninsa, babban mutum in ya yi dariya to ƙofa ta buɗe. Sai ya diro daga mota, ya gyara riga, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama ya yi masa jinjina, yadda yake yi wa hakimi ko babban ɗan sanda a gida, ya ɗaga murya ya fara kirari: "Giwa mai tare hanya! Namiji uban tafiya!"

Jandarman bai san jinjina ba. Abin da ya gani shi ne tsoho ya yo kansa da dunƙulallen hannu yana ihu. Kafin in ƙifta ido ya kai wa Baffa gindin bindiga a baki. Hular Baffa ta yi gefe, ya zube a kan gwiwoyinsa, jini yana ɗiga a farar rigarsa. Na buɗe baki zan yi kururuwa, sai na ji hannu mai warin kifi ya toshe mini shi. Dada ce. Ta jawo kaina ta cusa a cinyarta, ta lulluɓe ni da mayafinta. Ina jin takalmin mutumin yana zagaya motar, ƙwas, ƙwas, har ya tsaya daidai kaina. Ya yi tambaya, Dada ta amsa da Fillanci, ta ƙara da Hausa don in ji: "Ɗiyata ce. Zazzaɓi." Ta ƙasan mayafin na hango Baffa ana jan sa zuwa wata rumfa, buhunsa a hammata. Ya waiwayo ya girgiza mini kai, wato in yi shiru. Direba ya ja mota.

Ban san kukan da na yi daga nan zuwa Marwa ba. Ba ni da ko sisi, kuɗin duka suna lalitar Baffa. Ban san kowa ba, ban ma san ta inda rana take faɗuwa ba. Dada ta kai ni gidanta, ta zuba mini ruwa na yi alwala, ta ajiye mini tuwon jar dawa da miyar yakuwa da kifi. Na ce ba zan iya ci ba. Ta ce, "Ci. Kuka ma yana so ƙarfi." Na ci ina hawaye, kuma wallahi miyar ta yi daɗi, har kunya ta kama ni.

Washegari ta kai ni tasha muka zauna a rumfar mai shayi, duk motar da ta fito daga Mora sai na tashi na leƙa. Rana ta take, ba Baffa. Na fara shirya yadda zan koma in gaya wa Inna na je neman mutum ɗaya na zubar da na biyu. Can sai ga koriyar motar jandarmomi ta shigo tashar. Na ruga bayan Dada na ɓuya. Aka buɗe gidan gaba, sai ga Baffa ya sauko, leɓe kumbure kamar gauta, kalangu a rataye, hannunsa riƙe da zakara.

Na faɗa jikinsa ina kuka ina dariya. Ya ce, "Ke, sake ni, za ki kashe mini zakara."

Ashe babban jandarmomin ɗan garin Garwa ne, yana jin Hausa, ya kuma san abin da jinjina take nufi. Ya zo ya tarar da Baffa a rumfa, ya ji abin da ya faru, ya yi wa ƙaton faɗa. Da ya ga kalangu sai ya ce ai matarsa ta haihu, da safe ake suna. Baffa ya je ya kaɗa musu har matan barikin suka zubar da ɗankwalaye, aka ba shi tukuicin zakara.

"Ƙasar nan suna da burodi," in ji Baffa, yana magana ta gefen baki, "amma ba su da kiɗa. Har wanda ya doke ni sai da ya taka."

Ya ba Dada zakaran. Ta ƙi, ya ƙi, ta karɓa. Da za mu hau mota ta kama kunnena ta ce, "In ya ga soja, ki riƙe hannu nasa."

Yagwa ta ba ni mamaki, don kamar an ɗauko Kura an shimfiɗa ta a bakin babban kogi. Ga kanal na ban ruwa, ga fadamun shinkafa sun yi jawur har iyakar gani, ana tsakiyar yanka. Mutanen wurin dogaye ne ƙwarai, suna tuƙa kwalekwale a tsaye. Aka nuna mini ƙetaren kogin aka ce Chadi ke nan, inda ake yaƙi. Na kalli wurin na ga ba komai sai shanu suna shan ruwa.

Muka sauka a gidan mai unguwar Hausawan garin. Ya ce shi bai san wani Bakano mai suna Lawan ba. Da Baffa ya kwatanta shi, dogo, mai wushirya, da tabo a gira, sai ya ce, "Wannan ai kamar Malam Tijjani ɗan Damagaram. Maraya ne, ɗan malamai. Yana koya wa yaranmu karatu, yana noma. Ƙanena ma ya ba shi 'ya."

Muka jira a ƙofar masallaci bayan azahar. Ina ganin ya sunkuyo yana neman takalmi na gane ƙeyarsa. Ya tara gemu, ya yi rawani, amma shi ne. Na manta da mutane, na ce, "Yaya!"

Ya ɗago. Idonsa ya sauka a kaina, ya koma kan Baffa, ya tsaya a kan kumburarren leɓen. Sannan ya ce, da wata irin Hausa ta mutanen Damagaram da ban taɓa ji a bakinsa ba, "Baiwar Allah, kin yi makuwa. Allah shi haɗa ku da wanda kuke biɗa." Ya sa takalmi ya tafi, bai waiwayo ba.

Wannan ya fi gindin bindiga ciwo. Na ce, "Baffa, mu bi shi mana!"

Baffa ya ce, "Bar shi. Baki ne ya yi magana."

Da safe Baffa ya tambayi inda gonar Malam Tijjani take, aka ce yau ma ake taya shi yanka. Muka bi gefen kanal har muka hango su, mutum wajen goma sun jeru sun duƙa da lauje, surukinsa yana daga inuwa yana kallo, mata suna ɗaure dammuna. Baffa ya hau kan gaɓar kanal ɗin, ya zare kalangu daga buhu, ya matse shi a hammata.

A gidanmu duk yaron da ya isa riƙe fartanya sai an yi masa take, wato kiɗansa shi kaɗai, wanda ganga ke kiransa da shi a gona. Baffa ne ya yi wa Yaya nasa tun bai fi tsayin garma ba. Abin da kalangun ke faɗa shi ne, "Dogon Ado, ɗau garma, rana ta ɗaga." Mutanen Yagwa kiɗa kawai suka ji. Suka ɗago suna murmushi, wata mata ta rangaɗa guɗa.

Mutum ɗaya ne bai ɗago ba. Ina kallon bayansa. Da farko ya ƙame. Baffa ya sake maimaitawa, ya ƙara matse tsarkiyar, muryar kalangun ta yi sama kamar mai kuka. Sai na ga kafaɗar Yaya ta dama ta fara amsawa. Laujensa ya shiga bin kiɗan, sara ɗaya a kan kowane bugu. Baffa ya ƙara sauri, shi ma ya ƙara. Ya wuce na kusa da shi, ya wuce na gaba, shinkafa tana zubewa a bayansa, mutane suka tsaya suna tafi suna ihu. Ni kaina tsalle nake yi a kan gaɓa ina kuka. Sai da ya kai ƙarshen layin shi kaɗai, sannan ya miƙe, ya yi jifa da laujen, rawanin ya warware, ya juyo ya ƙwala da Kananci tsantsa:

"Baffa, don girman Allah ka bari! Ka bari mana, Baffa!"

Surukinsa ya taso daga inuwa ya ce, "Malam, wa ka kira Baffa?"

A gindin wata tsamiya aka zauna. Yaya ya ƙi kallon kowa. Baffa ya gaya masa rasuwar Baba, Yaya ya rufe fuska da rawani ya daɗe. Ni kuma na gaya masa saƙon Inna. Sai ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ta gan ni? Saude, tunda aka haife ni Inna ta taɓa duban fuskata? Ta taɓa kiran sunana? In na shigo ɗaki bango take kallo."

Baffa ya ce, "Kai ɗan fari ne, sakarai. Wace uwa ce a ƙasarmu take kallon ɗan fari ko ta kama sunansa? Kunya ce. Yau ta ajiye kunyar ta aiko a kira ka, ka san abin da wannan ya ci mata?"

Yaya ya ce, "A nan ba wanda yake kaɗa mini tebur. A nan in na wuce cewa ake ga Malam. Yanzu ka rushe."

"Ni kiɗa na yi," in ji Baffa. "Kafaɗar taka ce."

Matarsa Hawwa tana tsaye a bayanmu da goyo, ba mu lura ba. 'Yar siririya ce, ba za ta girme ni ba. Ta zagayo gabansa.

"Malam, uwarka tana da rai?"

Ya kawar da kai.

"Duk Juma'a ina toya ƙosai ina rabawa sadaka, Allah ya kai haske kabarinta. Kana zaune kana kallona. Har amin kake cewa!"

"Hawwa, ki tsaya in..."

"Kiɗan bai dame ni ba, ni kakana masunci ne. Amma ka kashe uwarka da bakinka don a ba ka ni?" Ta gyara goyonta. "Tashi ka je ta gan ka. In ka dawo ka same ni a gidan babana, sai in ga ko na san ka."

Haka muka juyo mu uku. Surukin bai yi masa sallama ba, mai unguwa ne ya samo mana takardar gaske, wadda ba saniya. A kowane shinge ina riƙe da hannun Baffa gam, shi kuwa yana ta ƙunƙuni wai na hana shi gaida manya. Sai da muka wuce Wudil Yaya ya tambaye ni ko har yanzu Inna tana sa daddawa da yawa a miya.

Daga Kura muka taka da ƙafa ta gefen babban kanal. Hantsi ne, ana dashen tumatir, mutane suna ɗagowa daga gonaki suna sa hannu a goshi suna kallonmu. Da muka iso 'yar gadar da ke shiga ƙauyenmu sai Yaya ya ajiye jakarsa.

"Ba zan iya ba. Ku je ku ce mata na zo nan."

Baffa ya kai hannu ga buhu. Yaya ya ce, "In ka taɓa shi, wallahi komawa zan yi." Baffa ya janye hannu.

Na kwasa da gudu. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa da lalube. Ina haki na ce, "Inna, yana gada, ya ƙi shigowa." Ba ta tambayi wa ba. Ta ajiye faifan, ta ce, "Miƙo mini mayafi."

Na riƙo hannunta muka bi ta tsakiyar gari, mata suna leƙowa ta kan danga. Yaya yana ganinmu ya durƙusa a kan gadar ya sunkuyar da kai. Inna ta saki hannuna. Ta lalubo rawanin ta ture shi baya, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya shi ya fuskanci rana, ta matso da idonta na hagu har goshinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe a haka. Ta bi girarsa da yatsa, ta shafa gemun.

"Har da furfura," in ji ta. "To, na gani."

Ya fara cewa ta yafe masa, kuka ya hana shi ƙarasawa. Ta bar shi ya yi, sannan ta ce, "Can da wane suna suke kiranka?"

Da ƙyar ya ce, "Tijjani."

Inna ta juya sunan a bakinta a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Wannan kam ba ni na haife shi ba, ina iya kama sunansa." Ta miƙo mini hannu in riƙe ta, ta juya wajen gari. "Tijjani, taso ka ci abinci."

Yaya ya share fuska da gefen rawani, ya ɗauki jakarsa, ya biyo mu.